Camberwell: Ƙauyen Kan Tudu da Landan ta Haɗiye

Wanda ya shiga bas mai lamba 176 daga Elephant and Castle ya nufi kudancin Landan zai yi ta tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shaguna dama da hagu, har ya iso mararrabar Camberwell Green. Daga nan ƙarar injin ke canzawa. Titi ya fara hawa, a wuce asibitin King's College a dama da na Maudsley a hagu, a haye Denmark Hill, a bi ta gefen Champion Hill, sannan a sulalo ta Dog Kennel Hill. Tsananin wannan gangare ne ya sa a zamanin jiragen titi aka shimfiɗa masa layin dogo har huɗu, don kada jirage biyu su bi layi ɗaya birki ya ƙwace wa na sama ya afka wa na ƙasa.

Tuddan nan ba duwatsu ba ne irin na Jos ko Mambila. Mafi tsayinsu, Sydenham Hill, can kudancin tsohuwar gundumar Camberwell, ya ɗan haura mita 100 ne kawai. Amma tudu ba sai ya yi tsawo yake tsara rayuwar mutanen da ke gindinsa ba, duk Bakano ya san haka game da Dala. A Camberwell tudu ne ya raba masu hali da talakawa, shi ya nuna inda iska mai kyau take da inda hayaƙi ke kwanciya. A kansa da gindinsa kuma aka shafe ƙarni biyu ana jayayya a kan tambaya guda: wa ke da ikon taruwa a fili, kuma wane irin taro aka yarda ya yi?

A kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, an rubuta wurin a matsayin ƙauye mai coci ɗaya, da fadamar ciyawa eka 63, da dajin da aka ƙiyasta darajarsa a kan aladu 60. Ƙauye ne na lardin Surrey, tazararsa da tsakiyar Landan ba ta kai kilomita biyar ba, kuma gundumarsa ta haɗa da Peckham da Dulwich da Nunhead. Cocin na Saint Giles ne, waliyyin da Kiristoci ke dangantawa da guragu da mabarata, kuma mutane sun yi imani cewa ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga jikin tudun yana warkarwa. Har tsakiyar ƙarni na 18 mutanen birni na fitowa su sha ruwan, su sha iska, su koma. Mazauna wurin kuwa manoma ne da masu shanu da 'yan lambu, kasuwarsu Landan. A 1748 aka kama wani irin malam-buɗe-littafi mai duhun ja da farin baki a hanyar da yanzu ake kira Coldharbour Lane, daga baya aka laƙaba masa sunan Camberwell Beauty. Yau motoci ne ke gunji a wannan titi dare da rana, amma a lokacin burtali ne tsakanin gonaki.

Babban abin da ke tara mutanen ƙauyen shi ne bikin kasuwar shekara. An samu ambatonsa tun 1279. Da farko mako uku ake yi, daga 9 ga Agusta zuwa 1 ga Satumba, ranar bikin Saint Giles, kuma harka ce ta manoma, a sayi dabba, a sayar da amfanin gona, a yi ciniki, a ga dangi. Da noma ya ja baya sai cinikin ya ragu, wasa ya ƙaru, kwanakin suka dawo uku a cikin Agusta, aka tattara komai a dandalin tsakiyar gari, wato Camberwell Green. A farkon ƙarni na 19 abin da za ka tarar a wurin shi ne rumfunan wasan kwaikwayo, da namun daji a keji, da lilo, da masu rawa, da masu dabo, da masu tallar kayan ƙwalama, da giya. Leburori da barori da 'yan koyon sana'a daga Walworth da Southwark da Bermondsey, mutanen da ba su san hutu ba sai ranar Lahadi, su ne ke cika wurin. Ga irin waɗannan mutane kwana ukun nan su ne sallarsu ta shekara.

A daidai wannan lokaci kuma wasu mutane dabam suna hawa tudun. Gadar Westminster da aka buɗe a 1750 da ta Blackfriars a 1769 sun sauƙaƙa ƙetare Kogin Tems, gadar Vauxhall ta biyo baya a 1816, aka kuma yanka Camberwell New Road a 1818. Attajirin da ke da keken doki ya samu damar yin kasuwancinsa a birni da rana ya kwana a ƙauye. Likitan nan John Coakley Lettsom, wanda aka haifa a tsibiran Karebiyan, ya 'yanta bayin da ya gada, ya kuma kafa Ƙungiyar Likitocin Landan a 1773, ya gina gidansa a Grove Hill ya kewaye shi da lambu mai ɗauke da tsirrai na ƙasashe iri-iri. Jerin dogayen gidajen Camberwell Grove, waɗanda har yau suke tsaye cikin inuwar manyan bishiyoyi, na wannan zamani ne, a ɗaya daga cikinsu aka haifi ɗan siyasa Joseph Chamberlain a 1836. Iyayen marubuci John Ruskin sun tare a Herne Hill a 1823 yana ɗan shekara huɗu, daga baya suka koma wani katafaren gida a Denmark Hill mai gona da shanu da itatuwan marmari. A 1842 mawaƙin Jamus Felix Mendelssohn ya sauka a wani gida a Denmark Hill, a nan ya tsara ɗaya daga cikin sanannun kiɗe-kiɗensa na fiyano. Waɗannan mutane iska suka zo saye, da shiru, da hangen birni daga nesa.

Ƙasa kuwa, arewacin dandalin, labarin dabam ne. A farkon ƙarni na 19 aka haƙa hanyar ruwa ta Grand Surrey domin jiragen dakon kaya, ta iso Camberwell, reshenta ya kai Peckham a 1826. Katako da gawayin kwal da duwatsun farar ƙasa suka riƙa shigowa, masana'antu suka jeru a bakin ruwa, gidajen haya ƙanana suka cushe a bayansu. A 1801 mutanen gundumar duka ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. A 1901 sun haura 250,000.

Mutanen kan tudu ba su taɓa son bikin kasuwar ba. Shekara da shekaru suna kai ƙara: buguwa, faɗa, 'yan sane, lalata, hayaniya har tsakar dare. Ba ƙarya suka yi ba, duk inda dubban mutane suka taru da giya a hannu za a samu wannan. Peckham ta rasa nata bikin tun 1827. A Camberwell sai da masu hali suka haɗa kuɗi suka saye haƙƙin dandalin daga masu ƙasa, sannan aka yi bikin ƙarshe a Agustan 1855, shekarar da aka kashe tsohon bikin Bartholomew na cikin birni. A 1859 aka buɗe Camberwell Green a matsayin lambun shaƙatawa, da ciyawa, da hanyoyin tafiya, da shingen ƙarfe.

Ina ganin alheri a abin da suka yi, domin da ba su saye filin ba da tuni gini ya cinye shi, kamar yadda ya cinye gonakin da ke kewaye. Amma ina ganin zalunci a ciki kuma. Bikin ya girmi gidajensu da shekara ɗari biyar, su ne baƙi, su ne kuma suka zo suka ce hayaniyar masu gari ta dame su. Filin ya tsira, amma an canza masa sharaɗi: ka zo ka zaga a natse, ka zauna a benci, ka tafi. Wanda ya yi kwana shida yana sauke katako a bakin ruwa ba irin wannan hutu yake nema ba. Yana son ya ci, ya sha, ya yi dariya da ƙarfi cikin 'yan'uwansa, kuma wurin da zai yi hakan ne aka rufe.

Shirun da suka saya ma bai daɗe ba. Jirgin ƙasa ya iso a shekarun 1860, aka tsaga jikin tudun, aka buɗe tashar Denmark Hill. Ruskin, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan duwatsun Alps da gajimare da kyawun halitta, ya tsani abin da dogo da magina suka yi wa unguwar ƙuruciyarsa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1871 ya tattara ya koma Brantwood a gefen tafkin Coniston, cikin duwatsun arewacin Ingila. Masu hali da yawa sun yi irin wannan ƙaura, kowa ya ƙara gaba inda gini bai kai ba. Waɗanda ba su da inda za su je su ne suka tsaya suka yi kokawar abin da ya rage.

Sun samu abokan tafiya. A 1865 aka kafa ƙungiyar kare filayen gayya na Ingila, a 1866 majalisa ta yi dokar da ta taƙaita killace irin waɗannan filaye a kewayen Landan. A 1868 hukumar gundumar Camberwell ta saye haƙƙin filin Peckham Rye don kada a yanka shi fuloti. Da dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba ma'aikata 'yan kwanaki a shekara, filin ya riƙa cika har ya zama abin tsoro, sai aka sayi gonar da ke maƙwabtaka da shi aka buɗe Peckham Rye Park a 1894. A yammacin Camberwell kuma, iyalin Minet, jikokin Furotestan da suka gudo daga Faransa, sun ba da fili aka yi Myatt's Fields a 1889. Sunan na Joseph Myatt ne, ɗan lambun da ya noma wurin a da, wadda ta tsara lambun kuwa Fanny Wilkinson ce, mace ta farko a Ingila da ta riƙi tsara lambuna a matsayin sana'a.

Amma labarin da ya fi ratsa ni shi ne na One Tree Hill, wani tudu mai tsayin kusan mita 90 a Honor Oak, gefen gabashin gundumar. Mutane sun saba hawansa tun kaka da kakanni. Akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa shi, yara na wasa a kansa, ma'aikata na zuwa da iyalansu ranar Lahadi su hangi ƙubbar Saint Paul daga nesa. Ana ma cewa Sarauniya Elizabeth ta Farko ta huta a gindin wata bishiya a ƙololuwarsa a 1602. A kakar 1896 aka wayi gari wata ƙungiyar masu wasan golf ta karɓi hayar wurin ta zagaye shi da shinge mai tsawon ƙafa shida. A takarda suna da gaskiya, domin filin yana da mai shi. Mutanen unguwa kuwa suka ce hanyar da kakanninsu suka bi ba mai rufe ta.

Aka kafa kwamitin ƙin amincewa, aka yi ta taro a Peckham Rye, aka yi ta rubuta wasiƙu, ana binciken tsofaffin takardu. Da jama'a suka ga abin yana jan ƙafa sai suka ɗauki mataki da hannunsu. Ranar Lahadi 10 ga Oktoban 1897 mutum kusan 15,000 suka taru, suka karya shingen suka haye tudun. Lahadin da ta biyo baya taron ya ninka, an ƙiyasta 50,000 ko fiye, 'yan sanda kusan 500 suka tare su, wasu a kan dawaki. Aka yi jifa, aka ji raunuka, aka kama mutane, wasu suka sha ɗauri. Shingen bai faɗi a ranar ba, kuma 'yan kwamitin sun nesanta kansu da tarzomar. Sai dai daga ranar babu wani mai mulki da zai sake cewa maganar 'yan tsiraru ce. Kwamitin ya ci gaba da bin hanyar doka, aka samo wa ƙaramar hukumar Camberwell ikon saye wurin ko da masu shi ba sa so, a Agustan 1905 aka buɗe One Tree Hill ga kowa da kowa. Bishiyar da ke ƙololuwarsa a yau a wannan shekara aka dasa ta. Wanda ya hau matakalar ya tsaya a wurin zai ga dogayen benayen birni ta tsakanin rassa, ba wanda zai tambaye shi tikiti. Masu rubuta wasiƙa da masu karya shinge ba su ga maciji da juna ba a lokacin, amma ban ga yadda ɗaya zai yi nasara ba tare da ɗayan ba.

Bayan shekara biyu aka sake cin wata nasarar a Denmark Hill kanta. Magina sun sa ido a kan manyan gidajen da masu su suka watse, mazauna unguwa suka tashi da neman gudummawa, hukumomi suka cika, aka rushe gidajen aka haɗe lambunansu, ranar 2 ga Fabrairun 1907 aka buɗe Ruskin Park, aka faɗaɗa shi a 1910. Gidan da Mendelssohn ya sauka yana cikin waɗanda aka rushe, an kafa agogon rana a gurbinsa. Da asibitin King's College ya dawo Denmark Hill a 1913, lambun ya zama wurin da masu jinya da ma'aikatan asibiti ke fita su sarara, har yau kuwa da azahar za ka ga masu rigar aiki zaune a ciyawa da abincinsu. Wasanni ma sun samu gurbi a jikin tuddan: filin tseren keke na Herne Hill tun 1891 yake, a nan aka yi tseren keke na gasar Olamfik ta 1948, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Dulwich Hamlet kuma, wadda aka kafa a 1893, a Champion Hill take wasa.

Sai dai idan ka duba taswira za ka ga kusan duk waɗannan wurare suna sama ne ko gefe. Kwarin arewa, inda jama'a suka fi yawa kuma suka fi talauci, ba shi da komai sai titi da bakin ruwa. Yaran wurin a kan kwalta suke wasa, a ƙazamin ruwan jirage suke wanka. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe ƙofar, da mummunar hanya. Bama-baman Jamus sun ragargaza unguwannin, a 1943 kuma, yaƙi bai ko ƙare ba, Patrick Abercrombie da J. H. Forshaw suka fitar da tsarin sake gina Landan, suka shata wani babban fili a inda babu fili, tsakanin Camberwell Road da Old Kent Road.

Yawancin lambunan Landan gonaki ne ko dazuzzukan sarakuna da aka hana gini ya ci. Wannan kuwa gari ne aka tashe. Gida bayan gida, titi bayan titi, hukuma na saye tana rushewa, shekara talatin, arba'in, ana abu ɗaya. Ba duka gidajen bam ya taɓa ba, akwai lafiyayyu da yawa, da makarantu da coci-coci da shaguna, da mutanen da aka haifa a layi ɗaya suka tsufa a cikinsa. An kwashe su zuwa dogayen benaye, wasu a rukunin gidajen Aylesbury da aka gina daga 1963 zuwa 1977 a tsallaken titi, wasu can nesa. A farkon shekarun 1970 aka rufe hanyar ruwan aka cike ta. A 1973 aka sa wa filin sunan Jessie Burgess, mace ta farko da ta riƙe muƙamin magajin garin Camberwell. Ya daɗe yana kama da kango, ciyawa nan, ragowar kwalta can, wani gida guda tsaye a tsakiya mai shi ya ƙi tashi. Sai a 2012, bayan gyaran da ya ci fam miliyan 8, ya ɗauki kamannin da yake da su yanzu. Faɗinsa hekta 56. A gyaran ne aka tara ƙasa aka yi 'yan tuddai a cikinsa, mutanen kwari suka samu abin hawa su hangi birni.

Tsohon garin bai ɓace gaba ɗaya ba. A tsakiyar ciyawa akwai matoyar farar ƙasa ta jan bulo, tun 1816 take, a da jiragen ruwa ne ke sauke mata duwatsu, yanzu yara ke zagaya ta a guje. Akwai gadar ƙarfe da ke tsallake busasshiyar ƙasa, domin ruwan da aka gina ta dominsa babu shi, hanyar masu keke ce ke bi ta ƙarƙashinta. Akwai gidajen gajiyayyun mata na Chumleigh Gardens na 1821, an mai da harabarsu lambuna, ciki har da wanda aka tsara da salon lambunan Musulunci, da ɗan tafki a tsakiya. A bangon tsohon ɗakin karatu da gidan wanka na Wells Way kuma ga ƙaton hoton malam-buɗe-littafin nan na 1748, an yi shi da tayil, an ciro shi daga wata masana'antar takarda da aka rushe. Duk lokacin da na wuce ta gaban matoyar nan nakan tuna cewa ciyawar da nake takawa ɗakin kwanan wani ne, kuma ba da son ransa ya bar shi ba.

Waɗanda suka gaji filin ba jikokin masu sauke katako kaɗai ba ne. Bayan 1948 mutanen Karebiyan sun zo, sannan 'yan Afirka ta Yamma, har ana yi wa Peckham laƙabi da ƙaramar Legas. Yarbawa ne suka fi yawa, da Ibo da 'yan Saliyo da Gana, Hausawa ba su da yawa, ko da yake tsire da yajinsa sun riga mu karɓuwa a titunan. Daga baya 'yan Kolombiya da Ekwado da Bolibiya suka cika kewayen Elephant and Castle, shekaru da dama kuma a wannan fili na Burgess Park suka riƙa yin babban bikinsu na Carnaval del Pueblo. Masallacin Old Kent Road, na Ƙungiyar Musulmin Najeriya ta Birtaniya, yana kusa, an kuma sha yin bikin Sallah a cikin filin.

Ka je ranar Asabar a watan Yuli, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Wata uwa ta jawo kular shinkafa dafa-duka a keken jariri, jaririn na goye a bayanta. An shimfiɗa zannuwa an danne gefensu da takalma saboda iska. Can gefe an ɗaure raga, 'yan Ekwado na buga ƙwallo uku-uku, 'yan kallo na ihu da Sifaniyanci. A bakin tafki masunta na zaune a ƙofar ƙananan tantuna, in sun kama kifi su auna shi, su ɗauki hoto, su mai da shi ruwa. Wani dattijo ya duba alƙibla a wayarsa, ya shimfiɗa darduma a bayan bishiya ya ta da La'asar, 'yan gudun motsa jiki na ratse shi ba tare da sun ko waiga ba. Mafi yawan mutanen nan a benaye suke zaune, ba tsakar gida, ba zaure, ba dakalin ƙofar gida. Wanda ya tashi a inda ake fito da tabarma bayan Magariba a yi hira har dare, in ka kulle shi a hawa na tara, ka raba shi da rabin rayuwarsa. A filin nan yake samun ta. Suna, zagayowar ranar haihuwa, taron 'yan gari ɗaya, duk a nan ake yi, domin hayar zauren taro a Landan ba ta talaka ba ce. A gefen filin kuma akwai fagen tseren keken BMX da aka buɗe a 2013, gidan ƙungiyar Peckham BMX, wadda ɗanta Kye Whyte ya ciyo lambar azurfa a Olamfik ta Tokiyo a 2021.

Ba na iya kallon wannan ban tuna Kano ba. Mu da muka gaji dandali da filin idi da kududdufi da gindin badala, ba mu saye su da kuɗi ba, ba mu karya shinge a kansu ba, wataƙila shi ya sa muke kallo ana yanka su shaguna ɗaya bayan ɗaya. Camberwell ta nuna tsadar dawo da fili bayan an gine shi: shekara kusan saba'in daga shata Burgess Park zuwa kammala shi, da dubban mutanen da aka raba da gidajensu.

A 2015 wasu mazauna unguwar suka farfaɗo da bikin Camberwell a dandalin da aka kore shi shekara 160 da suka wuce, da kiɗa da rumfunan abinci, shiga kyauta. A 2020, da annobar korona ta kulle kowa a gida, filayen nan suka zama numfashin masu zaman bene, kuma nan take tsohuwar jayayya ta taso: a watan Afrilu aka rufe Brockwell Park da ke Herne Hill na kwana ɗaya, bayan hukuma ta ce mutum fiye da 3,000 sun shiga ranar Asabar. Masu lambu a bayan gidajensu sun fi kowa saurin cewa a rufe. Ƙorafin hayaƙin gashi da kiɗa da shara a Burgess Park ma bai taɓa yankewa ba, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne, wanda ya ci ya bar leda da ƙashi a ciyawa ya ci amanar wanda zai zo gobe. Amma maganin shara kwandon shara ne da ma'aikata da tarbiyya. Korar mutane ba ta cikin maganin.

Sabon shingen kuwa daga wata kusurwa ya ɓullo. Ƙananan hukumomi, da gwamnatin tsakiya ta rage musu kuɗi tun 2010, sun koma ba kamfanonin kiɗa hayar filayen a lokacin bazara. Ana kafa doguwar katangar ƙarfe a Peckham Rye da Brockwell Park, a rufe babban yanki na makonni a daidai lokacin da rana ta fito, mai tikiti ya shiga, marar shi ya zagaya, in an tashi kuma a bar ciyawa ta zama taɓo. Masu goyon baya na cewa kuɗin ne ke kula da filayen sauran watannin shekara, kuma masu ƙorafin jikokin waɗanda suka kashe bikin 1855 ne a sabuwar riga. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ni hayaniyar ba ta dame ni ba, katangar da kuɗin shiga ne suka dame ni, domin uwar nan mai kular shinkafa ba ta cikin masu sayen tikitin. A watan Mayun 2025 wata mazauniyar yankin ta kai ƙaramar hukumar Lambeth babbar kotu a kan Brockwell Park, ta kuma yi nasara: doka ta yarda a canza amfanin fili na kwana 28 a shekara ba tare da izinin tsara gari ba, bukukuwan kuwa, in an haɗa da kafawa da kwashewa, kwana 37 suke ci. Hukumar ta fitar da sabuwar takarda cikin 'yan kwanaki, aka yi bukukuwan a ƙarshen watan kamar yadda aka tsara, masu ƙarar kuma suka ce ba su haƙura ba.